Gurasar da Ta Karya Mani Haƙori

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya kai ni ya kuma dawo da ni.

Tun da na dawo ban huta ba. A wurin aiki tambaya, a gidan suna tambaya, har a gidan makoki wata ta ja ni gefe. Abu biyu ake son ji: yaya ƙasar take, kuma me ya sami haƙorina na gaba. Waɗanda ba su samu amsa ba sun ƙago tasu. A Faskari ana cewa da gindin bindiga aka doke ni. Hajiya Kulu ta Sabuwa kuwa tana rantsuwa daga kan raƙumi na faɗo, alhali ban hau raƙumi ba. Don haka na zauna in rubuta sau ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe. Wanda zai karanta ya bi a jere, kada ya tsallaka.

Ni ungozoma ce a asibitin Ƙanƙara. Likitar da nake aiki ƙarƙashinta, Likita Shirin, mutuniyar Afganistan ce, daga birnin Kabul. Gwamnati ta ɗauko ta ita da mijinta, lokacin da aka yi ta ɗebo likitoci da malaman makaranta daga ƙasashen waje. Ta ji Hausa a ɗakin haihuwa, don haka Hausarta irin ta matan ƙauye ce, har da zagin.

Wata safiya na tarar da ita zaune ba ta fara duba kowa ba. Ta ce saƙo ya zo daga gida. Bayan sojojin Rasha sun shiga ƙasarsu, jirage sun ƙona ƙauyen da ƙanwarta Zarmina ke aure. Mijin ya hau duwatsu wurin masu yaƙi. Ita kuma ta ƙetara zuwa Pakistan a ƙasa, da ɗiyarta da tsohon surukinta, suna wani sansanin 'yan gudun hijira. Ga ta da tsohon ciki.

“Hajiya, haihuwarta ta fari aiki aka yi mata,” in ji Likita. “Kin san abin da zai faru in naƙuda ta same ta a tanti.”

Na sani. Ɗinkin zai buɗe, mahaifa ta fashe, a rasa uwa a rasa ɗa. Wannan shi ne dalilin tafiyar gaba ɗaya, a fitar da Zarmina zuwa asibiti kafin naƙuda. Mijin Likita bai samu hutu ba, kuma a can mace ba ta tafiya ita kaɗai. Ni kuwa na yi hajji, fasfona na nan a akwati. Ta ce in raka ta.

Da na gaya wa maigidana, Malam Sani, ya daɗe yana shafa gemu.

“Pakistan ɗin nan, kafin Makka take ko bayan Makka?”

“Bayan Makka, Malam.”

“To me mutum zai je nema bayan Makka?”

Amma ya bar ni. Na je Faskari na yi sallama da tsohuwata. Ta cika mani gwangwani da daddawa, ta ƙulla kuka da yaji, ta ƙara da goro. Na ce ba yunwa ake yi can ba. Ta ce in riƙe dai.

Mun kama hanyar Kano ta Malumfashi a cikin wata sabuwar fijo. Direban yana gudu kamar an biyo shi. Na yi mashi magana sau ɗaya, ya ce titin sabo ne. Na ce wuyana tsoho ne. Ba mu yi nisa ba taya ta fashe, kuma babu jak a motar. Muka tsaya cikin rana har wata tifa ta zo. A filin jirgin Kano ma babu tsari. Kowa na da kuɗin jirgi yanzu, amma ba wanda ya koyi bin layi. Wani alhaji ya taka mani ƙafa da akwatin rediyo bai ko waiga ba.

Daga Kano muka sauka Jidda, muka canza jirgi zuwa Karaci. A nan aka fara. Ma'aikacin kwastan, mai gashin baki kamar tsintsiya, ya buɗe jakata ya ci karo da gwangwanin tsohuwata. Yana ɗaga murfi ya ja da baya, ya toshe hanci, ya kira abokan aikinshi. Suka taru a kai suna leƙe. Likita ta ce masu kayan miya ne. Ba su yarda ɗan'adam na cin wannan ba. Sai da na ɓalli ɗan guntu na sa a baki a gabansu, sannan suka rufe suka ce mu tafi da sauri. Mutanen da ke zuba barkono a abinci har idon mutum ya yi ruwa, su ne ke ƙyamar daddawa.

Daga Karaci jirgin ƙasa muka shiga zuwa Feshawar, garin da ke kusa da iyakar Afganistan. Tafiya ce mai nisa, an kwana an wuni. Taragon mata daban yake, wannan na yaba. Abin da ban yaba ba shi ne yadda suka kewaye ni. Wata ta kama hannuna ta murza da yatsa ta duba yatsan, ko baƙin zai fita. Wata tana son ganin kitsona. Da lokacin azahar ya yi na shimfiɗa mayafi na yi salla, sai taragon ya yi tsit. Ina sallamewa wata tsohuwa ta rungume ni tana kuka. Likita ta ce mamaki take yi, ashe baƙar fata ma ya iya Fatiha. Na ce ta gaya mata ni ma na yi mamakin tata. Bayan wannan ba su bar ni da yunwa ba. Kowace tasha sai an tura mani shayi mai madara da gurasa.

A Feshawar mun sauka gidan gwaggon Likita, wadda ta riga su gudowa. Ɗaki biyu ne na haya, mata da yara cike, ba namiji babba ko ɗaya. Wasu mazan sun mutu, wasu na kurkuku, wasu na duwatsu. Sanyin garin ba irin namu ba ne, har cikin ƙashi yake shiga. Dabararsu ita ce su sa kaskon garwashi ƙarƙashin wani gajeren tebur, su rufe da ƙaton bargo, kowa ya cusa ƙafafunshi. Haka ake ci, haka ake hira, haka ake barci. Ni ban saba haɗa ƙafa da mutane ba, amma sanyi ya koya mani.

Abinci gurasa ce safe da rana da maraice, da koren shayi ba madara. Ranar da muka iso sun dafa shinkafa da busasshen inabi da karas a ciki. Zaƙi a shinkafa. Na ci don kara. Daga baya na gane abin da suka ɓoye don ranar salla ne suka dafa mana, sai na ji kunyar yamutsa fuskar da na yi. Na kaɗa masu miyar kuka wata rana don in rama alheri. Yara suka ga tana yauƙi suka watse da gudu.

Cikin matan akwai wadda take koyarwa a makarantar 'yan mata a Kabul, akwai wadda take aiki a ofishin waya. Yanzu duk ɗinkin hula suke yi a tsugune. Malamar ta gwada tara yaran unguwa ta koya masu karatu. Wasu samari suka zo suka buga ƙofa suka ce in ta sake za su ƙona gidan. Ta ce mani, ta bakin Likita, “A can jirage sun hana mu zama. A nan 'yan'uwanmu sun hana mu motsi.”

Ba mu san sansanin da Zarmina take ba, don suna da yawa. Aka ce mu je bakin iyaka mu tambayi masu shigowa da masu fita. Direban da muka samu ya ce ba zai ɗauke mu ba sai mun sa lulluɓinsu. Wani abu ne kamar buhu mai tattara, daga ka har ƙasa, da ɗan raga-raga daidai ido. Na ce ni Hajiya ce, mayafina ya isa. Likita ta ce in sa kawai. Na sa. Mutum ba ya ganin gefenshi, ba ya ganin ƙafarshi. Taku kaɗan na yi na afka kwata har gwiwa. Waɗanda ke neman labarin faɗuwa, ga ta nan, kuma haƙorina bai taɓu ba.

Iyakar wani matsatsi ne tsakanin duwatsu, da ƙofar ƙarfe da sojoji. Amma mafi yawan mutane ba ta ƙofar suke bi ba, ta kan duwatsun suke gangarowa. Kusan duk mata ne da yara da tsofaffi. Na ga jaki ɗauke da yara cikin mangala. Na ga wata ta goyo kan keken ɗinki, jaririnta kuma a hannu. Na ga yaro da dungulmin hannu naɗe da tsumma, an ce wani abu ya tsinta a hanya yana zaton abin wasa ne.

Wata ta ji an ce likita, sai ta dangwara mani jariri a hannu. Yana numfashi amma ya yi laushi kamar tsumma, ba ya farkawa. Ashe wani baƙin ƙaro mai sa barci suke lasa wa jarirai, don kada su yi kuka a hanya sojoji su ji. Na fara yi mata faɗa da Hausa, kamar yadda nake yi wa matan ƙauyen Mairuwa can wajenmu in sun ɗura wa jariri jiƙo. Likita ta ce, “Hajiya, ki bari. Da ya yi kuka da duk ayarin an kashe.” Muka yi ta murza shi muna ɗiga mashi ruwa har ya motsa ya tsala ihu. A nan wani tsoho mai jaki ya gane sunan ƙauyen su Zarmina, ya gaya mana sansanin.

Sansanin fili ne fetal, tantuna iyakar ganin ido, ba bishiya ko ɗaya. A bakin shiga samari ne da bindigogi. Ba gwamnati ke mulkin wurin ba, wata ƙungiyar masu yaƙi ce, kuma mai faɗa a ji wani matashin malami ne da bai kai ɗana na fari ba. Shi ke raba garin gurasa da man girki. Ya kafa doka mace ba ta fita sansani, ba ta ganin likita namiji, yarinya ba ta karatu.

A nan zan yi gyara ga masu cewa ai mu ma muna da kulle. Muna da shi. Amma matar kulle a Faskari tana dama furarta a sayar, tana da awakinta, tana zuwa biki da gaisuwar mutuwa, in ciwo ya yi tsanani ko miji na gunaguni a kan kawo ta asibiti. A can mace ko bayan gida ba ta zuwa sai rana ta faɗi. Suna ƙin shan ruwa da rana saboda haka, ga ciwon mara ya gama da su.

Muka sami Zarmina. Da ta yaye lulluɓi ta ga yayarta, sai ta zauna a ƙasa. Ƙafafunta sun kumbura, idanunta fari fat ba jini. Likita ta duba ta, ni ma na sa hannu. Ban da tsohon ɗinki, ɗan ma a gicciye yake. Cikin ya sauka, lokaci ya matso. Ɗiyarta Laila, wadda ta fara makaranta kafin yaƙi, tana zaune bakin tanti tana rubutu a ƙasa da tsinke. Duk sanda ta ji takun namiji sai ta shafe da ƙafa.

Likita ta aika wa surukin, wani tsoho da ake kira Haji, cewa tana neman izini ta kai ƙanwarta asibiti. Ba ta isa ta je gabanshi ba, sai ta bakin wata tsohuwa. Amsa ta dawo: a'a. Mijin Zarmina ba ya nan, malam ya hana, kuma gidan da ya karya doka ana yanke mashi rabon gari. Rai a hannun Allah yake.

Muka koma gari, muka dawo washegari. A'a. Muka sake dawowa da alkawarin likita mace ce za ta yi aikin. A'a. Likita ta tsaya bayan tanti tana kuka da zagi, da Hausa don kada su ji. Zarmina kuma ta fara cewa bayanta na ɗaurewa.

Ni ba na son aiki ta bakin ɗan aike. A wurinmu in ɗiya ta kusa haihuwa, uwa ce ke ɗaukar goro ta je gidan miji da ƙafarta, ta nemi a ba ta ita ta haihu a gida. Ba a aike. Zarmina ba ta da uwa a raye, kuma tun zuwanmu take kirana da kalmar da suke kiran uwa da ita. Na ce to, ni ce uwar. Na ƙulla goro a hankici, na cire buhun nan na yafa mayafina.

“Ina za ki?” in ji Likita.

“Wurin surukina.”

“Hajiya, mace ba ta shiga tantin maza. Za su iya harbin ki.”

“Furfurata za su harba? Ke dai ki tsaya ta baya, jikin tanti, ki riƙa juya magana.”

Hantsi ne. Na yi sallama da ƙarfi na shiga. Maza ne zaune a kewaye, bindigogi jingine, Haji a tsakiya da farin gemu, matashin malamin a gefenshi. Suka daskare. Na cire takalmi, na durƙusa daga gefe, na gaida Haji yadda ake gaida suruki: ya gida, ya iyali, ya baƙunta, ya ƙarin haƙuri. Muryar Likita na fitowa ta bayan tanti tana juyawa. Na tura mashi goro. Ya juya shi, ya gatsa, fuskarshi ta tattare. Amma ya haɗiye. Wannan kam na yaba mashi.

Malamin ya fara ɗaga murya yana nuna ƙofa. Haji ya ɗaga mashi hannu, ya ce baƙuwa ce, kuma ta riga ta zauna. Nan da nan aka shimfiɗa ƙyalle a gabana, aka ajiye gurasa mai zafi da shayi.

Na faɗi abin da ya kawo ni, a jere. Na ce ni uwar Zarmina ce. Na ce an taɓa yanka cikinta. Na ce ɗan a gicciye yake. Na ce in ta kwana biyu a tantin nan za su haƙa kabari, na mutum biyu. Na ce a ba ni ɗiyata ta haihu a hannuna, in ta warke in maido ta.

Haji ya ce ya ji, amma ba zai yiwu ba. Malamin ya ƙara da dogon wa'azi. Na ce ni ba malama ba ce, ban zo gardamar littafi ba, ungozoma ce, abin da hannuna ya taɓa nake faɗa. Haji ya nuna gurasa ya ce in ci.

To ga inda abin yake. Tunda na shiga a matsayin uwar yarinya, Haji surukina ne. Wace mace mai tarbiyya ce za ta buɗe baki ta tauna abinci gaban surukinta, kuma cikin taron maza? Ko ruwa ba a sha. Na kawar da kai gefe, na ja mayafi na rufe baki, na ce alhamdu lillahi. Ya sake cewa in ci. Na sake kawar da kai. Ya matso da gurasar da hannunshi. Na ƙara ja da baya.

Sai na ji tantin ya ɗauki gunaguni. Mazan na kallon juna. Fuskar Haji ta canza. Daga bayan tanti Likita ta yi magana ƙasa-ƙasa.

“Hajiya, kin ci?”

“In ci gaban suruki? Kin haukace? Ga yunwa ma ina ji, ban karya ba.”

Sannan ta ce, “Don girman Allah kada ki ci. Ko za ki suma kada ki ci.”

“Me ya faru?”

Ta ce a al'adarsu, in mutum ya shigo gidanka da roƙo ya zauna a shimfiɗarka ya ƙi taɓa abincinka, to ya ɗaure ka. Ba zai ci ba sai ka biya mashi bukata. In ya tashi da yunwa, sunan gidan ya ɓaci har jikoki. Ita ba ta isa ta yi haka ba don 'yar gida ce kuma yarinya. Ba ta taɓa zaton zai yiwu daga mace ba. Ni kunya nake ji, su kuma sun ɗauka na ɗora wa tsohon dutse a ka.

Na ce, “To ai shi ke nan. Zama na iya.”

Na zauna. Shayi ya huce aka canza. Gurasa ta sandare. Azahar ta yi, na fita na yi salla bayan tanti na dawo mazaunina. Ƙafafuna suka mutu, cikina na ƙugi har na kusa da ni na ji. Labari ya zaga sansani, mutane suka fara taruwa a bakin tanti suna leƙen baƙar tsohuwar da ta ƙi cin gurasar Haji. Can na ji kukan kaza, ba a jima ba aka kawo ta dafaffiya. Daga baya na ji ita ke nan gare su. Ƙamshin ya kusa kashe ni. Na kalli rufin tanti ina salati.

Malamin ya ce a ɗauke ni a fitar. Ba wanda ya motsa. Ya juya kan Haji ya ce in ya karya doka ba gari ba mai. Suka yi ta musayar magana, Likita ta daina juyawa don sun yi mata sauri. Wajen la'asar Haji ya buga sandarshi a ƙasa. Wannan ta juya mani duka. Ya ce an ƙone gidanshi, an ƙone gonarshi, 'ya'yanshi maza ba ya sanin wanda ke raye. Abin da ya ƙetaro duwatsu da shi sunanshi ne kawai. Ba za a ce Hajiya mai furfura ta zo daga ƙasar da ba a san iyakarta ba, ta zauna a shimfiɗarshi ta tashi da yunwa ba. A riƙe garin. Shi da kanshi zai raka matar ɗanshi, kuma namiji ba zai taɓa ta ba.

Ku lura da kyau, don ni na lura. A duk maganar nan bai ambaci ran Zarmina ba ko sau ɗaya.

Ya juyo ya ce yanzu in ci. Na ce sai ta haihu. Ban yarda da shi ba, ina tsoron in haɗiye loma ya canza magana. Sannan ya ɗauki gurasar nan ta farko, ya naɗe ta a ƙyalle, ya cusa cikin rigarshi.

Kafin magariba muna cikin mota. Laila ba a bari ta biyo mu ba. Ta tsaya bakin tanti da tsinkenta a hannu.

Aka kwantar da Zarmina a wani asibitin mata a Feshawar, aka ƙara mata jini. Ba a daɗe ba naƙuda ta taso, aka shiga da ita tiyata, Likita na ciki, ni ina riƙe da kanta. Da aka buɗe, tsohon ɗinkin ya yi siriri har ana hango gashin jaririn ta cikinshi. Likitar da ta yi aikin ta ɗago ta dubi Likita Shirin. Aka ciro ɗiya mace, ta yi kuka. Zarmina ta farfaɗo.

Duk kwanakin nan Haji na zaune a ƙofar asibiti a kan bargonshi, cikin sanyi, don ba a barin maza su shiga. Muka fita ni da Likita mu gaya mashi. Ya miƙe ya tambaya, “Namiji?” Aka ce mace. A wurinsu in an haifi namiji bindiga ake harbawa sama, in mace ce ko barka ba a cika yi ba. Na jira ya tambayi uwar. Bai tambaya ba. Na ce wa Likita ta gaya mashi ko bai tambaya ba: tana da rai. Ya gyaɗa kai.

Sai ya sa hannu cikin riga ya fito da ƙyallen nan, ya kwance, ya miƙo mani da hannu biyu. Gurasar ta bushe ta zama kamar katangar tukunya. Na ce a samo shayi in jiƙa. Likita ta ce ba zai jira ba, kwana da kwanaki yake ɗauke da ita, kuma ga mutanenshi biyu can ya kawo su shaida.

A bakin titi, gaban suruki, gaban maza, da masu keke na wucewa, ni Rakiya na buɗe baki na gatsa. Na ji ƙas. Na tofa a tafin hannu, ga rabin haƙori da jini. Haji ya leƙa ya gani. Ya nuna sauran gurasar. Na koma da ita gefen turame na cinye tas. Sannan ya juya wurin shaidunshi ya shafa gemu, ya ce da Zarmina ta iya tafiya a maido mashi ita.

Kuma an maido ta. Likita ta yi roƙo a bar ta ta zo da ita nan ƙasarmu da yaran, aka ce wannan ba ya cikin abin da aka yi alkawari. Ni ma na ce zan maido ta, ba ni da bakin magana. Muka raka ta har tanti, cikin buhun nan, jaririya a ƙirji. Ba a yi taron suna ba. Zarmina ta raɗa mata Rakiya, ko da yake ba su iya faɗa daidai ba. An yanke masu rabon gari kamar yadda aka ce, maƙwabta ke sammasu a ɓoye. A tantin da ke jikin nasu akwai wata mai ciki da ƙafafu kumbure, ta kama gefen zanena ta ƙi saki. Na tambayi Likita ko in sake shiga wurin nata surukin. Ta ce malam ya riga ya sa samari a ƙofa, daga yau ba baƙuwar da za ta ƙara zama a shimfiɗar kowa. Sai da aka ɓamɓare yatsunta daga zanena.

Dawowa ba abin faɗa, hanyar da muka bi ita muka biyo, sai dai gwangwanin daddawa na bar wa gwaggon Likita, ban sani ba ko ta ci ko ta binne.

Malam Sani ya dube ni a ƙofar gida ya ce, “Kin je bayan Makka kin dawo da giɓi.” Ya ce in shirya a kai ni Kano a sa mani haƙorin zinariya, irin wanda kowace Hajiya ke yi wa mutane murmushi da shi yanzu. Na ce a bar shi yadda yake. Da gefe guda nake tauna goro, iska na shiga in na yi magana, yara a ɗakin awo suna dariya. Zarmina dai na da rai. Ta tantin kusa ce ban sani ba.